Firdausi Za Ta Riga Ni Ganin Teku

Litinin, 16 ga Yuni, bayan la'asar

Mansur ya zo daga Yamai jiya, ya koma yau. Ƙanena ne, amma duk ranar da farar motarsa ta shigo Matameye ni nake komawa ƙane. A tsakar gidan Inna ya faɗi maganar, bakinsa cike da fura: shi da matarsa Anisa za su tafi bakans, yawon hutu, ƙarshen Yuli, wani tsibiri, Zanzibar, kuma da 'yata Firdausi za su tafi. Bai tambaya ba. Cewa ya yi, "Yaya, yarinyar nan ta gama jarrabawar birebe, a bar ta ta sha iska. Tun rasuwar uwarta ba ta..." Na ce masa furarsa za ta zube.

Inna ta tambaya ko Zanzibar ɗin kusa da Makka take. Kowa ya juyo ya kalle ni, don ni ne Mushe Inusa, kamar yadda ake kiran malamin boko a nan, malamin labarin ƙasa a kwalej. Na yi bayani: ƙasa ce da ruwa ya kewaye, can gabashin Afirka, yawancin mutanenta Musulmi. Inna ta ce, "To in ruwa ya kewaye ta, ta ina za su fito?" Mansur ya yi dariya har da buga cinya.

Shekara ashirin da ɗoriya ina zana tekun nan a allo da shuɗin alli. Ruwa mafi girma da idona ya taɓa gani shi ne kogin Yamai, shi ma daga kan gada. Mansur kuwa tun firamare ya gudu daga lekol, ni nake bin sa da bulala har bayan tasha. Yanzu yana sayar da tayil da kayan banɗaki, ya je Dubai, ya je Sin, kuma har yau bai san gabas da yamma a taswira ba.

Ban damu ba. Allah ya kai su lafiya.

Laraba, 18 ga Yuni, da hantsi

Firdausi ta ce, "Baba, nuna mini wurin." Tun azumi ba ta roƙe ni komai ba. Na ɗauko taswira na shimfiɗa a tabarma, ta ɗora yatsa, yatsan ya rufe tsibirin gaba ɗaya. Na fara yi mata bayanin iska da damina da kanumfari. Ta saurara cikin ladabi, irin sauraron ɗaliban da ke jiran ƙararrawa. Sannan ta ce, "Baba Mansur ya ce yashin can fari ne kamar garin alkama."

Bai taɓa zuwa can ba shi ma. A waya ya gani.

Litinin, 23 ga Yuni, bayan magariba

Mun je Damagaram allurar shawara. Ba a shiga Zanzibar sai da katin nan mai ruwan ɗorawa, kuma dole a yi allurar da sauran lokaci kafin tafiya. Ma'aikaciyar ta tambayi fasfo. Na buɗe baki zan ce ba mu yi ba tukuna, sai Firdausi ta ciro shi daga jaka. Ashe tun hutun Afrilu da ta je musu Yamai aka yi mata. Da sa hannuna a takardun. Na tuna yanzu: a makonnin nan duk abin da aka miƙo mini sa hannu nake yi.

Ke nan tun Afrilu suke shirin.

A farmasi mun sayi man shafawa na korar sauro, da maganin zazzaɓi wanda likita ya rubuta, da maganin gudawa don ruwan baƙon wuri. Anisa ta aiko a sayi man kariya daga rana. Mai farmasin ya dube ni ya dubi Firdausi, ya ce, "Mushe, 'yar Matameye ce za ta ji tsoron rana?" Na ce rana a kan ruwa daban take, tana dukan mutum daga sama ta sake dukansa daga ƙasa. Na san wannan. Na san abubuwa da yawa.

Da za mu dawo taksin ya bi ta ƙofar babban asibiti. Mu biyu muka kalli ɗaya gefen titin.

Alhamis, 26 ga Yuni, da azahar

Akwati ya iso a motar Yamai. Ja, mai tayoyi, da makulli na lambobi. Da ma na yi niyyar ba ta jakar fatata, wadda na je horon malamai da ita, har na goge ta da mai. Na mayar da ita ƙarƙashin gado.

Ta ja akwatin a tsakar gida, tayoyin suka nutse a yashi, ya ƙi tafiya. Na ji daɗi. Allah ya yafe mini, na ji daɗi.

Asabar, 28 ga Yuni, bayan la'asar

Yau rigima ta tashi kan kayan shiga ruwa. Anisa ta turo hoto: dogon wando, riga har gwiwa, da ɗan hijabi mai kama kai. Maƙwabciyarmu Sadiyya mai ɗinki ta ce za ta iya, amma sai an samu yadin da ba ya shan ruwa, ba ya manne wa jiki, kuma ba ya nuna mutum in ya jiƙe. Ta zo da ƙyallaye kala-kala, suka tsoma su a bokiti, suka shanya a igiya, suna ɗaga kowanne a rana suna leƙawa. Atamfa ta faɗi tun farko, ta yi nauyi kamar bargo. Wani yadi baƙi mai santsi, irin na rigunan 'yan ƙwallo, shi ya ci.

Inna tana zaune a kujerarta tana kallo. Ta ce, "Mu nan muna roƙon Allah ruwa a gonaki, ita za a ɗinka mata rigar wasa da shi." Amma ita ce ta ce a ƙara wa rigar tsawo, kuma ita ce ta ce a sa roba a ƙafar wandon kada ruwa ya ɗaga shi.

Sadiyya tana awo ta ce, "Kafaɗar uwarta Sa'a sak, Allah ya jiƙanta." Na fita duba akuya.

Ba wanda ya tambaye ni komai yau.

Lahadi, 29 ga Yuni, da safe

Baba Mansur ya ce. Baba Mansur ya ce. Baba Mansur ya ce.

Talata, 1 ga Yuli, bayan la'asar

Na dawo daga masallaci na tarar da ita durƙushe gaban baho, kanta cikin ruwa. Na jefar da buta. Ta ɗago tana huci, ruwa na zuba daga hancinta, wayarta jingine da turmi, Mansur a ciki yana ƙirga mata. Wai koyon riƙe numfashi take yi. Har gishiri ta zuba a ruwan don ta saba.

Ya ce mata, "Kin fi kwaɗo!" Ta yi dariya.

Ta yi dariya. Irin ta da, mai ƙarewa da tari. Na manta ma tana da ita. Na tsaya a bakin zaure kamar baƙon da ya yi kuskuren gida. Wata nawa muna zaune ni da ita, kwano ɗaya tsakaninmu, ban iya ciro wannan daga bakinta ba. Shi daga Yamai, da kwaɗo.

Da ta gan ni ta gyara fuska ta ce, "Sannu da dawowa, Baba. A kawo abinci?"

Na ce na ƙoshi.

Alhamis, 3 ga Yuli, da hantsi

Tana ninke kaya ta ce, "Baba ya ce kada in ɗauki takalmi fiye da biyu."

Na ce, "Ni na ce?"

Ta ce, "A'a, Baba Mansur."

Kuskuren baki ne. Kowa yana yi. Ban damu ba.

Juma'a, 4 ga Yuli, bayan sallar Juma'a

Na biya gaida Inna, ta ce in zauna. In ta ce in zauna, akwai magana.

Ta ce idan Firdausi ta ci jarrabawa, lise za ta shiga, babbar sakandare. Na ce akwai lise a nan. Ta ce akwai, amma Mansur da Anisa sun gyara mata ɗaki a Yamai, sun yi fenti. Ta ce, "Shekara goma sha wani abu sun yi, Allah bai ba su ba. Kai kana da ita, kuma ba ka kallonta. Ɗan ƙanenka ɗanka ne, 'yarka 'yarsa ce. Ni ma ba uwata ta riƙe ni ba."

Na ce, "Ashe tsibirin ƙugiya ce."

Ta ce, "Inusa, kar ka yi mini faransanci. Yaushe rabonka da ka buɗe ɗakin Sa'a? Yaushe rabonka da gona? Mutane sun yi shuka har an fara noman fari, kai irinka yana rumbu. Yarinya tana dafa maka, tana wanke maka, tana tafiya da sanɗa a gidan ubanta kada ta taɓa maka shirunka. Wannan ba riƙo ba ne, gadi ne."

Ba a amsa wa Inna.

Sun yi fenti. Ko wane launi? Ba su san ba ta son ruwan hoda ba. Na tabbata ruwan hoda suka yi.

Litinin, 7 ga Yuli, da azahar

Saura takarda ɗaya: izinin uba, cewa na yarda 'yata ta fita ƙasa da wani, a buga mata hatimi a meri, ofishin magajin gari. In babu ita ba za a bar ta ta hau jirgi ba. Mansur ya turo yadda ake rubutawa, ni da nake gyara wa mutanen unguwa wasiƙunsu. Da kuskure biyu a layin farko.

Na je har ƙofar meri. Na ga layi, na juyo.

Mutum biyu ne a layin.

Laraba, 9 ga Yuli, bayan magariba

Na yi abin da malami ya kamata ya yi, na gaya mata gaskiyar teku. Muna cin tuwo na ce akwai ruwan da yake jan mutum ta ƙasa alhali samansa lumui. Akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya, tana kwance a ƙasan ruwa, in ka taka ta ƙayar ta karye a cikin ƙafa. Akwai wata kamar leda, tana harbi. Jiragen ruwa kan kife. Na ce ruwan gishiri ba ya kashe ƙishirwa, ƙara ta yake yi. Na kawo misalai. Duk gaskiya ne, ba ƙarya ko ɗaya.

Ta ajiye lomar da ke hannunta. Ta ce, "To, Baba." Ta kwashe kwanuka.

Duk gaskiya ne.

Alhamis, 10 ga Yuli, da safe

Bahon yana kife a jikin bango. Bushe.

Asabar, 12 ga Yuli, bayan la'asar

Na zaga kasuwa na samo mata takalmin roba mai rufe yatsu, mai kaurin ƙasa, irin wanda ƙaya ba ta hudawa. Mai takalmin, Lawwali, tsohon ɗalibina ne. Ya ce, "Mushe, an ce Firdausi za ta ƙasar da kake ba mu labari. Kai ma da kai?" Na ce aiki ya yi yawa. Ya san an yi hutu.

Na ajiye takalmin a kan akwatin.

Litinin, 14 ga Yuli, da azahar

Mansur ya kira kan takardar. Na ce ina sane. Ya ce lokaci yana tafiya, an riga an yanki tikiti, an kama ɗaki. Na ce wanda ya yanki tikiti kafin ya nemi izini shi ya san dalilinsa. Ya ce, "Yaya, me na yi maka?" Na ce ya tambayi mai fenti.

Ya ce Inna ce ta yi gaggawa, shi niyyarsa ya zo ya durƙusa ya roƙa bayan an dawo. Ya ce yarinyar nan tana bushewa a tsaye kowa yana gani sai ni. Ya ce, "Ni ma 'yata ce."

Na faɗa masa magana. Ba zan rubuta ta ba.

Na ji muryar Anisa a kusa tana tambaya, "Me ya ce?" Ya ce mata ba komai. Sannan ya ce mini, a hankali, "Allah ne mai bayarwa, Yaya. Na gode." Ya kashe.

Tun yana yaro in aka doke shi ba ya kuka a wurin. Sai ya tafi bayan rumbu.

Talata, 15 ga Yuli

Bai kira ba.

Laraba, 16 ga Yuli

Bai kira ta ba ita ma. Tana duba wayar tana kifewa. Abin da nake so ke nan, ko ba haka ba?

Juma'a, 18 ga Yuli, bayan la'asar

Sakamako ya fito. Ta ci, da yabo. 'Yan unguwa suka cika gidan da guɗa, Sadiyya ta kawo cin-cin, Inna ta yi kuka ta ce hayaƙi ne. Na ce wa Firdausi, "Madalla." Na so in ƙara wani abu. Sa'a ce mai irin waɗannan maganganu, ni nawa in duba takarda in ba da maki.

Da mutane suka watse na shiga kewaye. Katangar gajera ce, ta bayan madafa. Ina ji ta kira Anisa. Ta gaya mata sakamakon, suka yi ta murna. Sannan ta rage murya.

Ta ce, "Anti, ku tafi kawai. A'a, ba wai takardar ba. Ko ya sa hannu. In na tafi wa zai dafa masa? Ba ya cin na kowa. In ban ajiye a gabansa ba sai ya wuni a kan shayi. Kuma Yamai ɗin ma ku bar maganar. Lise na nan ma lise ne." Ta saurara. Ta ce, "Ina so mana. Wallahi har mafarkinsa nake yi. Amma Mama ta ce in kula da shi."

Na tsaya da buta a hannu har ta kashe wayar.

Wata guda ina jin haushin Mansur zai ƙwace mini ita. Ashe ba ya iyawa. Ashe na riga na ci. Yarinya mai shekara goma sha biyar za ta zauna ta yi jinyar ƙaton mutum mai lafiya, kamar yadda ake zama da akuyar da ta karye. Ba don ta fi sona ba. Don ba ta yarda zan rayu mako biyu ba.

Da ma ta ce ta fi son sa. Da ya fi sauƙi.

Asabar, 19 ga Yuli, da azahar

Na tashi kafin ta, na hura wuta, na ɗora shinkafa da wake. Waken bai nuna ba, shinkafar ta kama. Ta fito ta tsaya tana kallona da ludayi a hannu.

Ta ce, "Baba, lafiya?"

Na ce, "Zauna ki ci."

Ta ci loma ɗaya, ta tauna ta tauna. Ta ce, "Ba ka sa kanwa ba." Na ce ban san ana sawa ba. Ta ce wake ake fara dafawa, shinkafa daga baya. Na ce ta faɗa a hankali in rubuta. Ta dube ni ta ga da gaske nake, bakinta ya fara rawa, ban san ko dariya ce ko kuka ba, ina jin ita ma ba ta sani ba.

Na ce, "Ɗauko akwatinki. Akwai abin da Baba Mansur bai gaya miki ba."

Na nuna mata kan cajar wayarta, ƙafa biyu masu zagaye. Na ce bangon can rami uku ne masu kusurwa, sai an saya mata mahaɗi a Yamai, in ba haka ba wayar ta mutu ranar farko. Na ce ta raba kaya: riga ɗaya, magunguna da katin allura a jakar hannu, don akwati yakan bi wani jirgin. Ta ɗauki hoton fasfo ta ajiye a waya. Kada ta sha ruwan famfo. Ta tafi da leda don jiƙaƙƙun kaya. Na koya mata gaisuwarsu, ta ga rabinta tamu ce: habari, labari, asubuhi, asuba, sabuni, sabulu. Ta yi ta maimaitawa.

Sannan na tambaye ta, "In za ki yi salla a can ina za ki fuskanta?" Ta ce gabas mana. Na shimfiɗa taswira na ce ta ja layi daga tsibirin zuwa Makka. Ta ja. Ta ɗago kai. "Arewa!" Na ce arewa. Ta ce, "Ashe Inna za ta ce sallata ba ta yi ba." Ta yi dariyar. Mai tarin.

Ba kwaɗo ba ne, amma ta yi.

Ta ce, "Baba, abin da ka faɗa na ruwa mai jan mutum?" Na ce gaskiya ne, shi ya sa ake tambayar mutanen wurin inda ake shiga, kuma ba a shiga kai kaɗai. Na ce dubban mutane suna shiga kullum suna fitowa su ci abincin rana. Wannan ma gaskiya ne, na manta ban faɗa ba ranar.

Litinin, 21 ga Yuli, da hantsi

An buga hatimi. Layin ya fi na rannan tsawo.

Na kira Mansur, bai ɗauka ba. Na tura masa hoton takardar. Ya amsa da kalma ɗaya: "To."

Laraba, 23 ga Yuli, bayan la'asar

Mun kai akwatin wurin Idi mai awon hatsi, don jirgi ba ya karɓar fiye da kilo ashirin da uku. Ya wuce sosai. Muka buɗe a gaban jama'a: Inna ta cusa kilishi, ƙuli-ƙuli, garin yaji, tukuɗi, har da ɗan tulun man shanu a cikin zanen salla. Ta ce ba za a kai mata jika inda ake cin dorinar ruwa ba ta mutu da yunwa. Sai da na kawo mata Malam Iliyasu ya tabbatar mata abin da ke cikin teku halal ne. Ta ce halal daban, abinci daban. An bar yajin.

Ban san wane launi suka yi wa ɗakin ba har yanzu. Na tambayi Firdausi kamar da wasa. Ta ce kore. Ta ce ita ta zaɓa, a Afrilu, ba ta san na mene ne ba.

Kore. To.

Asabar, 26 ga Yuli, bayan azahar

Ya zo ɗaukarta jiya da yamma, ya kwana gidan Inna, bai shigo nan ba. Da safe ya tsayar da mota a ƙofa ya zauna a ciki. Na fita na buɗe ɗaya ƙofar na shiga na zauna. Sanyin motar ya buge ni. Ya gaishe ni yana kallon gaba.

Na ce, "Mansur, maganar da na faɗa, bakina ne ya faɗe ta, kuma ni na aike shi. Ka yafe."

Ya daɗe yana murza sitiyari. Ya ce, "Anisa ta ji, Yaya. Wayar a buɗe take."

Na ce zan kira ta da kaina. Ya ce in bari sai sun dawo.

Na ce, "Lise ɗin da ke kusa da ku, a nemo mata wuri. Amma duk hutu nan za ta yi shi, har ƙaramin. Kuma ba ta cin kuɓewa, kar Anisa ta matsa mata. In ta yi shiru ba fushi ba ne, a bar ta."

Sai a lokacin ya juyo. Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Ka san abin da ke ba ni haushi da kai? Duk garin da na je, in na ga wani abu, sai in ce da Yaya yana nan da ya gaya mini mene ne wannan. Ni kallo kawai nake yi kamar sa a kasuwa. Na so in ce ka zo mu tafi tare, na san abin da za ka ce."

Na ce me zan ce?

Ya ce, "Aiki ya yi yawa."

Firdausi ta fito ɗauke da akwatin a ka, tayoyin suna kallon sama. Na gaya mata maganar Yamai a tsaye a bakin mota, don in na zauna ba zan iya ba. Ta ce, "Kai fa?" Na ce jiya na sa kanwa. Ta ce sai mun yi magana in ta dawo. Na ce to, amma na riga na gama tawa.

Ta durƙusa ta yi mini sallama. Ta shiga gaba, kusa da shi. Kafin su kai kwana na ga ya faɗi wani abu, kanta ya koma baya don dariya.

Ya ƙone ni kamar da. Ba abin da ya ragu.

Talata, 29 ga Yuli, da magariba

Sun sauka. Hoto ya zo: su uku, Anisa ta riƙe kafaɗarta. Duk wanda ya gani zai ce iyali ne. Na kalle shi fiye da yadda ya kamata.

Laraba, 30 ga Yuli, bayan la'asar

Waya ta tashe ni bayan asuba, can rana ta riga ta ɗaga. Muryarta a sama: "Baba, tekun ya tafi!"

Na ce ya tafi ina?

Ta ce jiya da yamma ruwan yana kusa da matakalar masaukinsu, yau sun tashi babu shi, sai fili jiƙaƙƙe har inda ido ya tsaya, jiragen kamun kifi kwance a kan yashi, mata can nesa sun sunkuya suna tsintar wani abu kamar masu cirar ciyawa a gona. Ta ce Anti Anisa ta ce a haɗa kaya, Baba Mansur ya ce a kira ka.

Na zauna a bakin gado. Na ce ba abin da ya faru. Wata ne yake jan ruwan, ya saki, ya sake ja, kullum haka yake tun da aka halicci duniya. Na ce ta samu inuwa ta zauna ta sa ido, kafin azahar ɗinsu zai fara dawowa. In ta taka cikin filin ta sa takalmi, kuma ta juyo tun ruwan yana nesa, don ya fi mutum sauri. Ta ce, "Ka tabbata?" Na ce na tabbata. Na ajiye wayar. A littafi kawai na san shi.

Ina gona da hantsi, ina shuka wake tunda gero ya wuce ni, ta sake kira.

"Ya dawo, Baba! Ina kallo ya taho!"

Na ce to, ta shiga, amma iya gwiwa. Ta ce ai tana ciki har ƙirji, Anti ce ta riƙe mata wayar a kunne. Can baya na jiyo Mansur daga kan tudu yana ihu, "Firdausi ki fito! Yaya zai kashe ni!" Ita tana ce masa ya shigo, shi yana rantsuwa ba zai shiga ba, Anisa tana yi musu dariya su duka. Sun manta da ni a kan layi. A ƙarƙashin hayaniyarsu akwai wata ƙara, tana zuwa tana komawa, kamar ana sheƙe hatsi a babban faifai.

Na ajiye fartanya na zauna a kan kunya. Ban yi magana ba, kada su tuna su kashe.